Tambaya: yadda zan mayar da awon yara na mako-mako daga ginshiƙai zuwa layuka a SPSS

Ummu Aisha

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka saba aiki da manhajar SPSS. Ina rubuta kundin digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma, kuma bincikena ya shafi yaran da ke fama da tamowa mai tsanani, waɗanda ake kula da su a cibiyoyin sha-ka-tafi guda huɗu, inda uwa ke kawo ɗanta sau ɗaya a mako a auna shi, a ba ta abincin gyaɗa na magani, ta koma gida. Na kwafo bayanan daga katunan yaran zuwa Excel, sannan na shigar da su SPSS. Kowane yaro layi ɗaya tak gare shi: lambar kati, cibiya, jinsi, watanninsa na haihuwa, ranar shiga, daga nan sai nauyi1, damtse1, rana1, nauyi2, damtse2, rana2, haka har zuwa ziyara ta takwas.

Da farko na yi amfani da Repeated Measures da ke ƙarƙashin General Linear Model, sai na lura cewa yara masu yawa sun fita daga lissafin, domin ba dukansu ne suka cika ziyara takwas ba. Mai duba aikina ya ce in koma ga MIXED, wato umarnin SPSS da ke iya nazarin awon da aka maimaita ko da adadin ziyarori bai zo daidai ba, kuma ya ce dole sai kowace ziyara ta zama layi mai zaman kansa. Na fara gwadawa da nauyi kaɗai, na rubuta wannan umarni:

VARSTOCASES
/MAKE nauyi FROM nauyi1 TO nauyi8
/INDEX=ziyara.

SPSS bai nuna mini wani kuskure ba, amma abin da ya fito ba shi ne nake nema ba. Wasu yaran sun sami layi 22 maimakon takwas, kuma a ginshiƙin nauyi ina ganin 6.4, a ƙarƙashinsa 112, a ƙarƙashin wannan kuma wata lamba mai tsawon gaske da ta haura biliyan 13. Tambayoyina uku ne. Ina matsalar take a wannan umarni? Idan an gyara, me ya kamata in yi da ziyarorin da yaro bai zo ba, in bar su a matsayin layuka marasa komai ko in cire su? Sannan lambar ziyara kaɗai ta isa ta tsaya a matsayin lokaci a cikin nazarin? Allah ya saka da alheri.

Abu Sadik

Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar tana wurin TO. A SPSS, idan ana nufin ginshiƙan da suka riga suka kasance a cikin fayil, TO ba ya duba lambar da ke ƙarshen suna, abin da yake yi shi ne ya kwashe duk ginshiƙan da ke zaune tsakanin na farko da na ƙarshe bisa jerin da suke a fayil ɗin. Tun da naki a cakuɗe suke, ya kwashi uku-uku na ziyara bakwai, wato 21, ya ƙara nauyi8, shi ya ba ki 22. Lamba 112 kaurin damtse ne a milimita, ita kuwa doguwar lambar kwanan wata ce, domin SPSS yana ajiye kwanan wata ne a matsayin adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga 14 ga Oktoba, 1582. Bai yi ƙorafi ba saboda a wurinsa duka ukun lambobi ne.

Ki rufe wannan fayil ba tare da kin adana shi ba, ki buɗe na asali, ki yi masa kwafi da wani suna, domin VARSTOCASES yana maye gurbin abin da ke buɗe ne. Sannan ki rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya, kuma ki juya rukunan uku a tare cikin umarni guda:

VARSTOCASES
/MAKE nauyi FROM nauyi1 nauyi2 nauyi3 nauyi4 nauyi5 nauyi6 nauyi7 nauyi8
/MAKE damtse FROM damtse1 damtse2 damtse3 damtse4 damtse5 damtse6 damtse7 damtse8
/MAKE rana FROM rana1 rana2 rana3 rana4 rana5 rana6 rana7 rana8
/INDEX=ziyara
/KEEP=lamba cibiya jinsi watanni ranar_shiga
/NULL=KEEP.

Dole kowane MAKE ya ƙunshi adadin ginshiƙai iri ɗaya, kuma ki kula da jeri, domin matsayin suna a cikin jerin ne ke yanke lambar ziyara. Idan kika rubuta nauyi4 kafin nauyi3, SPSS zai ɗauki awon mako na huɗu ya haɗa shi da damtse da kwanan watan mako na uku, kuma ba zai ce miki komai ba. Wanda ya fi son bin menu zai iya shiga Data ya zaɓi Restructure, amma ko da an bi ta can ina ba da shawarar a danna Paste a adana rubutun umarnin, domin ranar da aka gano kuskure a katin yaro guda, sai a gyara a fayil na asali a sake kunna umarnin kawai.

Za ki ga na rubuta "lamba" a wurin KEEP, ban rubuta lambar kati ba, kuma da gangan na yi haka. A yawancin cibiyoyi kowace tana fara ƙirgen katunanta ne daga 001, saboda haka yaro mai kati 045 a cibiya ta ɗaya da mai kati 045 a cibiya ta uku za su zama mutum ɗaya a idon MIXED. Yanzu da kowane yaro ke kan layinsa wannan ba ya cutarwa, amma da zarar an juya fayil ɗin, wannan lambar ce kaɗai ke ɗaure layuka takwas ta ce na yaro ɗaya ne. Kafin juyawa ki haɗa lambar cibiya da ta kati, misali COMPUTE lamba = cibiya*10000 + kati, sannan ki bi ta Identify Duplicate Cases ki tabbatar babu wadda ta maimaitu.

Akwai wani abin dubawa a Variable View. Idan a lokacin kwafi an rubuta "bai zo ba" ko wani harafi a gurbin nauyi ko da sau ɗaya ne, wannan ginshiƙin zai iya shigowa a matsayin rubutu, kuma ba za a iya haɗa rubutu da lamba a MAKE ɗaya ba. Haka kuma idan an cike giɓi da 0 ko 999, sai an mayar da su giɓi na ainihi a dukan ginshiƙai takwas kafin a juya, in ba haka ba za ki sami yaro mai nauyin sifili yana jan matsakaicin ƙasa.

Bayan an juya, a yi lissafin tantancewa. A ɗauka yaran 200 ne: da NULL=KEEP dole ki ga layi 1,600 cif. Sannan ki kunna MEANS TABLES=nauyi BY ziyara, ki kwatanta matsakaici da adadin da ya fito a ziyara ta uku da waɗanda nauyi3 ya bayar a tsohon fayil. Idan sun yi daidai a dukan ziyarorin, juyin ya yi kyau. Dalilin da ya sa na sa NULL=KEEP ke nan, domin idan ba a rubuta komai ba umarnin yana zubar da duk layin da babu komai a cikinsa, kuma daga nan babu wani adadin da za ki riƙe ki gwada da shi.

Ɗan Gobir

Ina gaishe ki, 'yar'uwa, kuma abin da Malam Abu Sadik ya faɗa daidai ne. Ni daga Maraɗi nake, kuma irin waɗannan katunan na sha aiki da su, sai dai da manhajojin Stata da R nake yi. Zan rubuta yadda ake yi a cikinsu saboda masu karatu da ba SPSS suke amfani da shi ba. A Stata layi ɗaya ne:

reshape long nauyi damtse rana, i(lamba) j(ziyara)

Shi Stata sunan yake karantawa, yana ɗaukar lambar da ke ƙarshe ya zuba ta a ziyara, don haka cakuɗuwar ginshiƙai ba ta dame shi ba, kuma idan lamba ta maimaitu zai tsaya ya ƙi juyawa, abin da nake ganin alheri ne babba. A R kuwa, tun da aka fitar da tidyr 1.0.0 a shekarar 2019, pivot_longer ne ya maye gurbin gather:

pivot_longer(yara, cols = matches("[0-9]$"), names_to = c(".value", "ziyara"), names_pattern = "([a-z]+)([0-9]+)")

Abin lura kawai shi ne ziyara za ta fito a matsayin rubutu, sai an mayar da ita lamba. Idan kuma fayil ɗin daga kwamfutar da aka saita da Faransanci ya fito, kamar yadda aka saba a nan Nijar, a duba ko an rubuta 6,4 da waƙafi maimakon 6.4 da ɗigo, domin wannan kaɗai ya isa ya mayar da ginshiƙin nauyi rubutu.

Amma tambayarki ta uku ce ta fi jan hankalina, kuma amsata ita ce lambar ziyara ba ta isa ba. Duk wanda ya zauna a cibiya ranar awo ya san yadda abin yake. Uwa za ta zo wannan makon, mako mai zuwa ruwa ya cinye hanya ko aikin gona ya riƙe ta ko an yi rasuwa a gidansu, sai ta dawo bayan kwana 14 ko 21. Ma'aikacin da ke cike kati wani lokaci yakan tsallake gurbin makon da ba ta zo ba, wani lokaci kuma yakan rubuta a gurbi na gaba da ya gani babu komai. Sakamakon haka, ziyara ta uku a wurin wani yaro kwana 14 ce bayan shiga, a wurin wani kuma kwana 28. Idan aka ɗauki lambar ziyara a matsayin lokaci, an ce wa manhajar waɗannan yara biyu sun ɗauki tsawon lokaci ɗaya, alhali ɗaya ya ninka ɗaya, kuma gudun ƙaruwar nauyin da za a fitar zai karkace.

A ganina wannan ne babban amfanin tsarin tsawo, wato inda kowace ziyara take kan layinta, fiye da biyan buƙatar MIXED. A tsarin faɗi, inda kowane yaro ke da layi ɗaya tak, ginshiƙi ne ke riƙe da lokaci, saboda haka kowa dole ya bi jadawali ɗaya. A tsarin tsawo kuwa lokaci yana zama awo kamar sauran, kowane layi da nasa. Tun da kin kwafo kwanan wata na kowace ziyara, kin riga kin mallaki abin da ake buƙata. A SPSS ki rubuta COMPUTE kwana = DATEDIFF(rana, ranar_shiga, "days"), sannan ki duba mafi ƙanƙanta da mafi girma. Idan kika ga lamba ƙasa da sifili ko wadda ta haura ɗari da yawa, galibi Excel ne ya musanya rana da wata, ya karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Irin wannan kuskure yana ɓoye sosai a tsarin faɗi, amma da an jera ziyarorin yaro ɗaya a ƙarƙashin juna ido yake kama shi nan take.

Bari in ƙara wani abu ga masu aiki da bayanan DHS, wato binciken yawan jama'a da kiwon lafiya na ƙasa, kamar binciken Nijeriya na 2018 ko na Nijar na 2012. A fayil ɗin mata, tarihin haihuwar kowace mace a faɗi yake, daga b3_01 har b3_20, kuma wannan sifilin da ke gaban lambobi ɗaya zuwa tara yana rikita reshape, sai an cire shi daga sunayen ko an ƙara zaɓin string. Amma kafin mutum ya wahalar da kansa, ya sani cewa masu binciken sun riga sun fitar da fayil ɗin haihuwa daban, mai alamar BR, inda kowane ɗa yake kan layinsa.

Ummu Aisha

Na gode ƙwarai, Malam Abu Sadik da Malam Ɗan Gobir. Na bi matakan, kuma adadin layuka da matsakaicin kowace ziyara sun yi daidai da tsohon fayil. Lambobin kati sun maimaitu tsakanin cibiyoyi kamar yadda aka yi hasashe, kuma haɗa su da lambar cibiya ya warware matsalar. Na kuma lissafa kwana. Abin da ya rage mini shi ne tambaya ta biyu: yanzu ina da layuka masu yawa marasa komai, musamman daga ziyara ta shida zuwa ta takwas. Da na zana matsakaicin nauyi bisa ziyara, sai na ga yana hawa har mako na biyar, daga nan ya kwanta, har ma ya ɗan sauka. Shin wannan yana nufin maganin yana daina aiki ne bayan mako biyar?

Malamar Ƙididdiga

Malama Ummu Aisha, kada ki rubuta haka a kundinki tukuna, domin akwai bayani mafi sauƙi da ya kamata a fara kawarwa. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013, yaro ɗan wata 6 zuwa 59 yana shiga shirin idan kaurin damtsensa bai kai milimita 115 ba, kuma wanda ya shiga ta wannan ma'auni ana sallamarsa ne idan ya kai milimita 125 kuma babu kumburi a jikinsa na tsawon aƙalla mako biyu. Wannan yana nufin yaran da suka fi saurin murmurewa su ne ke fara barin fayil ɗinki. Waɗanda suka rage a mako na bakwai da na takwas su ne masu jinkirin samun sauƙi, don haka matsakaicin da kike gani a ƙarshen zanen na wasu yara ne daban da waɗanda suka cika shi a farko. Layin zai iya kwanciya ko da kowane yaro a cikinsu yana ƙara nauyi a kowane mako. Ki rubuta adadin yaran da suka rage a ƙarƙashin kowace ziyara, sannan ki zana layukan wasu yara ɗaya-ɗaya bisa kwana, za ki ga bambancin da idonki.

Game da layukan da babu komai, MIXED ba ya amfani da layin da nauyi ya ɓace a cikinsa, saboda haka barinsu ko cire su ba zai sauya sakamakon ba, kuma yaron da ya zo sau uku kawai zai ba da gudummawar awonsa uku maimakon a jefar da shi gaba ɗaya kamar yadda Repeated Measures ya yi. Wannan shi ne tushen tsarin da Laird da Ware suka gabatar a mujallar Biometrics a 1982, inda kowane mutum yake da mafarinsa da gudun sauyinsa, kuma ba a buƙatar adadin awo ya zo daidai. Duk da haka ban so ki cire su kafin ki rarrabe su ba, domin a fayil ɗin duka kama ɗaya suke, alhali dalilansu sun sha bamban. Akwai giɓin tsakiya, inda yaro ya tsallake mako ya dawo. Akwai giɓin da ya biyo bayan sallama, wanda a gaskiya ba awo ne ya ɓace ba, shirin ne ya ƙare a wurin wannan yaron. Sannan akwai giɓin yaron da aka tura asibiti aka kwantar, ko wanda uwarsa ta daina zuwa, ko wanda Allah ya yi wa rasuwa.

Ki koma kan katunan ki ƙara ginshiƙi biyu a fayil na asali, wato yadda yaro ya fita da ranar da ya fita, ki sa su a jerin KEEP, ki sake kunna umarnin. Daga nan duk layin da ya zo bayan ranar fita za ki iya cire shi da kwanciyar hankali, ki bar giɓin tsakiya domin ki ƙirga yawan fashi. Muhimmancin rarrabewar shi ne MIXED yana ba da amsa mai inganci ne idan dalilin ɓacewar awo ya dogara ga abin da aka riga aka auna kuma aka sa a cikin nazarin. Sallama ta fi kusa da cika wannan sharaɗi, tun da awon da ke kan kati ne ya jawo ta. Yaron da ya daina zuwa saboda jikinsa ya tsananta a gida kuwa, abin da ya hana shi zuwa shi ne ainihin abin da ba a auna ba, kuma babu wani umarni da zai cike wannan. Abin da za ki iya yi shi ne ki bayyana adadinsu, ki kwatanta yanayinsu a ranar shiga da na sauran, ki kuma faɗi iyakar abin da sakamakonki zai iya ɗauka.

Ga mafarin umarnin da za ki gina a kai:

MIXED nauyi BY jinsi cibiya WITH kwana watanni
/FIXED=kwana jinsi cibiya watanni
/RANDOM=INTERCEPT kwana | SUBJECT(lamba) COVTYPE(UN)
/PRINT=SOLUTION TESTCOV.

Wurin SUBJECT ne ke sanar da manhajar cewa layukan da ke ɗauke da lamba ɗaya na yaro ɗaya ne. Idan aka manta da shi, ko aka ɗauki sabon fayil ɗin aka yi masa nazari na yau da kullum, za a lissafa kowane awo kamar yaro ne daban, sai sakamakon ya nuna tabbacin da bayanan ba su kai ba. Idan lissafin ya ƙi daidaituwa, ki raba kwana da bakwai ki yi aiki da mako, domin adadin da ke fitowa bisa kwana ɗaya ƙanana ne ƙwarai. Wannan umarni ya ɗauka cewa nauyi yana hawa ne a miƙe, don haka idan zanen yara ɗaya-ɗaya ya nuna lanƙwasa, sai a ƙara kwana*kwana a cikin FIXED.

Ki kula kuma da jadawalin farko na kundinki, wanda ke bayyana yawan maza da mata da matsakaicin watanni. Jinsi da cibiya da watanni yanzu sun maimaitu a kowane layi na yaro, saboda haka idan kika ƙirga su a sabon fayil, yaron da ya daɗe a shirin zai shiga lissafi sau da yawa fiye da wanda ya warke da wuri. Wannan jadawalin a tsohon fayil ake yin sa, ko kuma a zaɓi layukan ziyara ta ɗaya kaɗai. Idan a cikin yaranki akwai waɗanda suka shiga da kumburin ƙafa, ki kwafo wannan bayanin na kowace ziyara ki juya shi tare da sauran a matsayin MAKE na huɗu, domin irin waɗannan yara nauyinsu yakan fara sauka ne yayin da ruwan ke fita daga jikinsu, kuma ƙaruwar nauyinsu daga mafi ƙarancin awo ake lissafa ta, ba daga ranar shiga ba.